Babi na Bakwai: Numfashin Mawaƙi da Hannun Makaɗi

A mashayu da yawa na yammacin Ailan akwai wani lungu da kowa ya san da masu shi. Tebur ne ɗaya ko biyu da 'yan kujeru marasa majingina, galibi kusa da murhu. Wajen ƙarfe tara da rabi na dare masu lungun ke fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa rungume da akwatin kayan kiɗansa: mai goge irin na Turawa mai tsirkiya huɗu, mai sarewar katako, mai akodiyon, mai banjo, in an yi sa'a har da mai algaitar nan tasu da ake hura wa iska da zugazugi a ƙarƙashin hammata. Babu dandamali, babu lasifika, babu wanda ya yanki tikiti. Da'ira suke yi suna fuskantar juna, sun ba sauran jama'a baya, domin kansu suke yi wa kiɗan. Wanda ya ji ya ji. Wannan zama shi ake kira seshon.

Kada mai karatu ya auna mashayar can da gidan giyar bayan gari. A ƙauyen Ailan ita ce majalisa. A nan ake cin abinci, a sha shayi, a ji wa ya rasu wa ya haihu, da rana ma har da yara ake zuwa. Cikin makaɗan kansu akwai waɗanda ruwan lemo kawai suke sha har a tashi.

Kiɗan da suke yi asalinsa na rawa ne, ko da yake yanzu da wuya ka ga wani ya tashi ya taka. Akwai ril mai gudu, akwai jig mai tsalle-tsalle, da sauran danginsu. Kowane take gajere ne. Wanda ya ɗauko shi, shi ke riƙe da ragama: a maimaita sau biyu ko uku, sai ya ɗaga ƙafa ko ya ɗan yi wata 'yar ƙara, ya faɗa wani taken ba tare da bugun ya yanke ba. Masu goge da sarewa da akodiyon duk kari ɗaya suke bi a lokaci guda, ba a ware kowa ya nuna bajinta shi kaɗai. Wanda bai san taken ba ya ɗora kayansa a cinya ya saurara. Ƙafafuwa goma sha wani abu na dukan ƙasa tare, kuma wannan bugun ƙafa shi ne sarkin zaman.

Can tsakiyar dare, an sauke wani dogon jeri, ana kurɓar abin sha, sai ka ji an ƙwanƙwasa kofin gilashi da cokali. Wani ya ɗaga murya ya ce a yi shiru, za a yi waƙa. Daga wannan lokaci mulki ya bar ƙafa ya koma ga numfashin mutum ɗaya. Duk wata ƙa'idar ladabi da ke tsakanin mawaƙi da makaɗi a seshon, da duk wata harara da ake yi idan an karya ta, daga nan suka samo asali: ma'auni biyu da ba su jituwa ne suka haɗu a tebur ɗaya.

Seshon ba tsohon abu ba ne kamar yadda baƙi ke zato. A da, a ɗakin girki na gidajen manoma ake kiɗa. Makaɗi ɗaya ko biyu, maƙwabta na rawa a kan daɓen dutse, in an gaji a zauna wani ya yi waƙa. A 1935 gwamnati, da goyon bayan limaman coci, ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga taron rawa na jama'a. Rawar gida ta fara ja da baya, ga kuma ƙaura tana kwashe matasa. Samarin da suka tafi Landan aikin gini bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna kwana a ɗakunan haya inda mai gida ba za ta lamunci goge ba, su ne suka soma haɗuwa a mashaya su yi kiɗansu. Masu bin tarihin abin sukan ambaci Devonshire Arms da ke unguwar Camden Town, wajen 1946. Al'adar ta bi sawun mutanenta ta komo gida, ta tarar da ƙungiyar Comhaltas da aka kafa a garin Mullingar a 1951, wadda bikinta na shekara-shekara ke cika tituna da makaɗa. Wato makaɗan rawa ne da suka rasa masu rawa suka kafa zaman. Waƙa baƙuwa ce a cikinsa, baƙuwa mai daraja.

Mai rakiya kuwa, wato mai jita ko fiyano ko ganga wanda aikinsa shi ne ya dafa wa kari baya, ya fi waƙar zama baƙo. Tsoffin makaɗa ba su san shi ba. Lokacin da Michael Coleman, shahararren mai gogen nan ɗan yankin Sligo, yake yin faifan garmaho a Niyok a shekarun 1920 da 1930, kamfanoni sukan haɗa shi da mai fiyanon da bai san kan kiɗan ba. Faya-fayan suna nan, a wasunsu za ka ji goge ya yi gabas fiyano ya yi yamma. Jita ta shigo da ƙarfinta ne bayan 'yan gidan Clancy da Tommy Makem sun fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka a 1961, sannan ƙungiyar Dubliners ta taso daga mashayar O'Donoghue's a Dublin a 1962. Nan da nan kowane saurayi ya rataya jita. Buzuki, wani dangin garaya daga Girka, Johnny Moynihan ne ya shigo da shi a tsakiyar shekarun 1960. Ita kuwa bodhrán, ganga mai fuska ɗaya da ta yi kama da bandiri, Seán Ó Riada ne ya ɗora ta a dandamali tare da sauran kayan kiɗa a farkon shekarun 1960. Har yau ana danganta wa Séamus Ennis, babban mai algaita, raha cewa abin da ya fi dacewa a kaɗa ta da shi shi ne wuƙa. Ana faɗa ana dariya, amma mai ganga da ke zaune a wurin ya san da wa ake.

Waƙar da ta fi kowace nauyi a irin wannan zama ita ce ta tsohon salo, wadda suke kira sean-nós. Da harshen Ailan na asali ake yin ta, cibiyarta yankunan da harshen bai mutu ba, irin su Connemara. Mutum ɗaya ne, murya tsirara, ba kiɗa. Joe Heaney, ɗan ƙauyen Carna da aka haifa a 1919 ya rasu a Seattle a 1984, shi ne wanda duniya ta fi sani da ita.

Ga yadda abin yake idan aka matso kusa. Dattijo ne a ƙuryar benci, hularsa a kan gwiwa. An roƙe shi sau biyu ya ce shi muryarsa ta tafi, a na uku ya gyara zama. Ba ya tashi tsaye, ba ya kallon kowa. Ya runtse ido ko ya ƙura wa bango, wani ma yakan ɗan juya gefe. Na kusa da shi ya kama hannunsa yana juya shi a hankali, kamar yana taya shi zaro waƙar daga ciki, al'ada ce da aka sani a Connemara. Ya ja gaɓa ɗaya ya lanƙwasa ta sau huɗu ko biyar kafin ya sake ta. A baiti na biyu bai lanƙwasa a wurin ba, ya kai adon wani wuri. A ƙarshen kowane baiti wani daga cikin duhu yakan ce, ƙasa-ƙasa, "Allah ya dafa maka," wani ya ce, "Madalla da kai." Mai sayar da abin sha ya daina wanke kofuna. Da yawa cikin tsoffin mawaƙa ba sa ma rera layin ƙarshe, faɗarsa suke yi da baki kamar magana, alamar an dawo duniya.

To, a tsakiyar wannan ne wani lokaci ake jin wani ɗan ƙis-ƙis. Saurayi ne mai jita, ya sunkuyar da kunne kan katakon, yana taɓa tsirkiya ɗaya da babban yatsa yana laluben matakin da dattijon yake. A ransa taimako zai yi. Ba wanda zai ce masa uffan. Tsohuwar mai goge da ke gefensa za ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kan tsirkiyoyinsa, idonta na kan mawaƙin. In ya fahimta, shi ke nan. In bai fahimta ba, mako mai zuwa zai tarar babu kujera.

Mutane kan ɗauki wannan a matsayin tsattsauran ra'ayin 'yan gargajiya. Ni ina ganin dalilin na sana'a ne tsantsa. Mai jita ba shi da abin da zai kaɗa sai ya raba lokaci gida-gida daidai wa daida, ita kuwa waƙar ba ta da waɗannan gidajen. Layi yakan yi tsawo ko ya gajarta gwargwadon kalmomin da ke cikinsa da iskar da ke ƙirjin mai rerawa. Da zarar an sa bugu a ƙarƙashinta, dole ɗayan biyu: ko mawaƙi ya bi bugun ya yar da adonsa, ko ya yi ta kokawa da shi har ƙarshe. Akwai kuma matsalar haɗin sauti. Jita tana fitar da sauti uku ko fiye a tare, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda makaɗa ke kira na uku, shi ke yanke hukunci ko kari zai ji kamar na murna ko na juyayi. Tsoffin waƙoƙin da yawa ba su yanke wannan hukunci ba. Wasu suna tsallake sautin gaba ɗaya, wasu mawaƙan suna ajiye muryarsu a tsakanin matakai biyu, inda jita ba ta da wurin sa yatsa. Mai rakiya da ya cusa kansa ya amsa tambayar da waƙar ta bari a buɗe da gangan.

Ba kowace waƙa ce haka ba. Akwai waƙoƙin Ingilishi masu labari, na soja, na teku, na ƙaura, masu bugu a fili, waɗanda rakiya ke ƙara musu armashi. A nan ma mawaƙi ne ke gayyata. Yakan dubi mai jita guda ɗaya ya ɗaga gira, ko ya ce, "Ka biyo ni a hankali." Mutum ɗaya aka kira, ba duk masu tsirkiya ba. Jita biyu a bayan murya ɗaya, kowa da haɗin sautin da ya zaɓa, hayaniya ce. Shi ma wanda aka kira, in gwani ne, yakan bar baitin farko ya wuce yana saurare, ya gane inda mawaƙin ke shan iska, inda yake jinkiri, sannan ya lallaɓo a na biyu. Ma'aunin ƙarfin hannunsa shi ne kalmomi: in na ƙarshen ɗaki ya kasa rarrabe su, jita ta yi yawa. Idan mawaƙi ya ci wani bugu, ko ya ƙara rabi, mai rakiya ne zai gyara, ba tare da fuskarsa ta nuna an yi wani abu ba. Idan baiti ya ɓace wa mawaƙi, sai ya riƙe sauti ɗaya yana zagayawa a kai har kalmomin su dawo, galibi daga bakin wani a cikin jama'a.

Batun mataki shi ya fi haddasa ƙananan rigingimu. Sarewa da algaitar Ailan an ƙera su ne a kan matakin D, shi ya sa kusan duk kiɗan zaman yake yawo tsakanin D da G da maƙwabtansu. Maƙogwaro bai san wannan ba. Mace na iya samun daɗin muryarta a wani mataki da mai sarewa ba shi da ramin yatsa dominsa. Ƙa'ida ita ce mataki na mawaƙi ne. Mai jita yana da kafo, ɗan maƙalin da ake matse wuyan jita da shi a ɗaga sautinta, sai ya matsar da shi. Mai sarewa ya haƙura ya zauna. Mafi munin abin da mai rakiya zai yi shi ne ya ce wa mawaƙi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka don yatsunsa su huta.

Wasu masu jita sun nemo wa kansu hanya ta sake ɗaurin tsirkiyoyi. Davey Graham, wani makaɗi ɗan Birtaniya, ya fito da ɗaurin da ake kira DADGAD a farkon shekarun 1960 bayan ya je Maroko ya saurari masu kiɗan can. Daɗin ɗaurin shi ne babu sautin nan na uku a cikinsa, saboda haka ba ya tilasta wa kari komai. Mícheál Ó Domhnaill da Dáithí Sproule na cikin waɗanda suka shigar da shi kiɗan Ailan, yanzu ya zama ruwan dare. Wanda kuma yake son ya ji yadda ake raka murya ba a taka ta ba, ya nemi faya-fayan da Frank Harte, mawaƙin Dublin da ya rasu a 2005, ya yi tare da Dónal Lunny. Lunny na iya cika dandamali shi kaɗai, amma a bayan Harte wani lokaci sai ka kasa kunne kafin ka tabbatar yana nan.

Baƙi daga Amurka sukan sha mamaki a nan, kuma ba laifinsu ba ne. A zaman kiɗan bulugiras na can, mawaƙi ne ke faɗin sunan waƙa da matakinta, kowa ya shiga rakiya, tsakanin baiti da baiti a ba mai banjo ko mai goge fili ya yi nasa shi kaɗai. A wurinsu zama da jita a cinya ana waƙa shi ne rashin zumunci. Mutum ya zo yankin Clare na Ailan da tarbiyyarsa ta gida cikakkiya, ya aikata abin da aka koya masa, ya ga ana hararar sa. Baƙo ko da ido makaho ne.

Bahaushe zai fi saurin gane inda gizo ke saƙa idan ya tuna cewa a wajenmu tambayar wa zai bi wa tsakanin mawaƙi da makaɗi ba ta tasowa. Masu kalangun Shata da 'yan amshinsa yaransa ne, haka masu kotson Narambaɗa. Kowa ya san wa ke gaba, kuma sun shekara suna bin numfashin mutum ɗaya. A seshon babu ubangida. Mai rera waƙar nan wataƙila direban motar madara ne da mai jitar bai taɓa gani ba, kuma minti biyar kawai mulkinsa zai yi. Abin da tsari da sabo suke yi wa ƙungiya, a nan ladabi kaɗai ke yin sa.

Kada a ce duk nauyin a kan makaɗa yake. Mawaƙa ma suna da nasu laifuffukan, kuma a ganina nasu ya fi ɓata dare. Makaɗan nan sun baro gidajensu cikin ruwan sama don su yi kiɗa. Shirun da suka yi aro ne suka ba da. Mawaƙin kirki yana jira a kira shi, ko ya nemi izini wurin wanda ke jan zaman a lokacin da aka sauke jeri, ba ya tsoma baki ana cikin gyaran tsirkiya don fara wani. Ya yi guda ɗaya ya koma gefe. Waƙa biyu ko uku a dare sun isa zaman makaɗa. Amma akwai mai ɗauko waƙa mai baiti ashirin, ya ƙare, tafi bai gama sauka ba ya ɗauko ta biyu. Akwai mai zaro waya yana karanto baitoci daga allo, yana tsayawa yana jan shafi da yatsa. Akwai mai rera waƙar da kowa a ƙauyen ya san ta wani dattijo ce da ke zaune a wurin, wadda shekara talatin shi ke yin ta. Ba a rubuta sunansa a kanta ba, amma ba a taɓa ta sai ba ya nan. A wasu wurare akwai al'ada mai kyau da ke rage wannan: wanda ya gama waƙa shi ke da ikon kiran na gaba, sai abin ya zagaya.

Sannan ga wanda bai san muryarsa ba. Waƙar Danny Boy, wadda wani lauya ɗan Ingila, Frederic Weatherly, ya ɗora kalmominta a kan wani tsohon karin Ailan a 1913, ta kunyata mutane ba adadi. Tana farawa a ƙasa cikin sauƙi, sai kusa da ƙarshe ta haura can sama. Wanda ya fara ta a inda ya ji daɗi zai isa wurin ya tarar babu tsani. Mai jitar da ya san aikinsa yakan hango haɗarin tun layin farko, amma ba shi da ikon tsayar da mutum. Abin da kawai zai iya shi ne, kafin a fara, ya taɓa sauti ɗaya ƙasa-ƙasa ya miƙa masa. Mawaƙi mai hankali yakan karɓa.

Wanda makaɗa suka fi tsoro shi ne mai haɗa biyun: ga murya ga jita, ga waƙoƙin rediyo cike da kai. Shi ba ya bukatar kowa ya yi shiru, ba ya bukatar kowa ya raka shi. Da ya fara, teburan baya za su ɗauki amshi, wani ya turo masa kofi, wani ya nemi wata. Kafin rabin sa'a masu goge sun fara mayar da kaya cikin akwati.

Saboda irin wannan takun-saƙa ne mawaƙa suka ware nasu zaman. A Dublin an kafa kulob ɗin An Góilín a 1979, inda waƙa ce kawai, galibi ba kiɗa, kowa da lokacinsa. A makon tunawa da mai algaita Willie Clancy da ake yi a Miltown Malbay kowane Yuli tun 1973, za ka tarar wata mashaya ta masu kiɗa ce, wata ta masu waƙa, kowa ya san ƙofar da zai shiga. Rabuwar ta kawo zaman lafiya, amma an yi asara. Waƙa ɗaya da ta faɗo bayan sa'a guda ana gudun ril tana da wani tasiri da ba ta samu idan ita ce ta goma sha biyu a jere.

Abin da ya fi sauya lissafin a 'yan shekarun nan shi ne kuɗi. Masu mashaya sun gane kiɗa na jawo 'yan yawon buɗe ido, sai suka fara biyan makaɗa biyu ko uku su riƙe zaman. Wannan bai ɓata komai ba, ya ma sa zaman ya ɗore a daren da ba kowa. Amma wanda ya biya yana da abin da yake so, kuma baƙi waƙar amshi suke so. A unguwar Temple Bar ta Dublin yanzu mawaƙi da jitarsa a bayan makirfo suke tun da rana. Mai makirfo ba ya jiran a ƙwanƙwasa masa kofi, mai raka shi kuma maɓalli ake murɗa masa in ya yi ƙara. Masu son tsohon tsarin suka koma ɗakunan baya da dararen tsakiyar mako. Ɗaya daga cikin mafakarsu a Dublin ita ce Cobblestone da ke unguwar Smithfield, inda ake kiɗa kullum a lungun gaba, matasa kuma suka kafa zaman waƙa zalla na wata-wata a ɗakin baya. A 2021 aka shigar da takardar neman gina otal a kan wurin, wanda zai cinye ɗakin bayan. A watan Oktoba makaɗa da mawaƙa suka fito titi tare da kayansu suka yi zanga-zanga har ofishin hukumar birni, a watan Nuwamba hukumar ta ƙi ba da izinin ginin.